Igiya ko Jirgin Ruwa: Yadda Jabun Fam Ɗaya Ya Kai Talakawan Ingila Ostireliya

A ɗauka muna Landan a shekarar 1818. Wata mata ta shiga kantin mai sayar da yadi, ta zaɓi ƙyalle na sule uku, ta miƙa takardar fam ɗaya. Mai kanti ya ɗaga takardar a hasken taga, bai ga abin zargi ba. Duk da haka, kamar yadda 'yan kasuwar lokacin da dama suka saba, ya tambayi sunanta da unguwarsu ya rubuta a bayan takardar, sannan ya ƙirgo mata canjinta sule goma sha bakwai. Takarda ta bi hannu zuwa hannu har ta koma Bankin Ingila, inda wani ma'aikaci da aikinsa ke nan ya gane jabu ce, ya danna mata hatimi. Asara ta hau kan wanda ya kawo ta, aka shiga bin sunayen da ke bayanta ɗaya bayan ɗaya har aka iso kan matar nan. Idan shaida ta tabbata cewa ta san jabu ce, abu biyu ke jiranta: igiyar rataya a ƙofar kurkukun Newgate, ko shekara goma sha huɗu a wata ƙasa da ke can ƙarshen duniya.

Dattawanmu da suka riski zamanin fam da sule ba sa buƙatar a yi musu lissafi: fam ɗaya sule ashirin ne, sule kuma kwabo goma sha biyu. A Ingila ta wancan lokaci fam ɗaya ya kusa ladan leburan gona na mako biyu. Kuɗi ne mai auki, amma bai kai ran mutum ba. Yadda aka yi ya zama farashin rai, da yadda jirgin ruwa ya shigo tsakanin mai laifi da igiya, shi ne abin da nake so mu warware.

Kafin 1797 talakan Ingila ba ruwansa da takardar kuɗi. Mafi ƙanƙantar takardar da Bankin Ingila ke bugawa ta fam biyar ce, ita ma sai 1793 aka fara ta. Mai ƙaramin ƙarfi da tsabar azurfa da tagulla yake harkarsa. Yaƙi da Faransa ne ya sauya komai. Zinariyar banki ta yi ta zurarewa wajen biyan kuɗin yaƙi, sai kuma a watan Fabrairu na 1797 wata 'yar rundunar Faransa ta sauka kusa da Fishguard a yankin Wales. Cikin 'yan kwanaki rundunar ta miƙa wuya, amma labarin ya riga ya firgita jama'a, kowa ya ruga banki ya mayar da takardarsa a ba shi zinariya. Gwamnati ta ba da umarnin a dakatar da biyan zinariya, bankin kuma ya fara buga takardun fam ɗaya da fam biyu don kasuwa ta ci gaba da ci. An ɗauka abin na ɗan lokaci ne. Sai da ya kai 1821.

A nan gizo ke saƙar. Takardun da aka watsa cikin jama'a ba su da wani ingancin a zo a gani: baƙar tawada a kan farar takarda, gefe ɗaya kawai aka buga, ga alamar ruwa a jikin takardar, sai sa hannun wani magatakarda cikin magatakarda masu yawa. Duk wanda ya koyi sassaƙa rubutu a kan farantin tagulla zai iya kwaikwayonta, garin Birmingham kuwa cike yake da irin waɗannan masu sana'a, maƙeran maɓallai da kayan ado da masu zane a ƙarfe. Ga kuma jama'ar da aka miƙa wa takardun, da yawansu ba su iya karatu ba, ba su taɓa riƙe ta gaskiyar ba balle su bambance ta da ta bogi.

Sana'ar jabu ta zama mai hawa-hawa. A sama akwai mai farantin bugu, irin su William Booth da ya mayar da gidan gonarsa a Perry Barr kusa da Birmingham masana'anta mai ƙofofin tsaro, har aka kama shi aka rataye shi a Stafford a 1812. A tsakiya akwai dillalai masu sayen takardun a sari kan farashi ƙasa da abin da ke rubuce a jikinsu. A ƙasa kuma akwai masu shigar da su kasuwa ɗai-ɗai: 'yan aikin gida, matan da mazajensu suka tafi yaƙi, leburorin da aiki ya yanke musu, tsofaffin sojoji bayan an gama yaƙi a 1815. Dabarar ita ce a sayi ƙaramin abu a karɓi canji na gaske. Su ne mai kanti ke ganin fuskarsu, su ne sunansu ke bayan takarda, saboda haka su aka fi kamawa. An bar jaki ana dukan taiki.

Tsananin dokar ya girmi wannan zamani. Tun 1697, shekara uku da kafa Bankin Ingila, aka mayar da kwaikwayon takardunsa laifin kisa, a 1729 kuma aka faɗaɗa hukuncin ya haɗa da takardun bashi da wasiyya da makamantansu. Dalilin a fili yake: kasuwancin Ingila a kan bashi da sa hannu ya tsaya. Attajiri a Bristol zai saki kaya saboda ya ga sa hannun wani da ke Landan wanda bai taɓa gani ido da ido ba. Idan sa hannu ya daina zama abin dogaro, kasuwa ta tsaya. Ban raina wannan tsoro ba. Duk wanda ya taɓa wuni a rana yana ciniki, da yamma ya tarar da jabu cikin kuɗinsa, ya san cewa cuta ce ta gaske, kuma a kan mai ƙaramin jari take faɗawa.

Amma tsoron ya kai hukuma inda ta rufe ƙofar afuwa. A zamanin da laifuffukan kisa suka haura 200 a dokar Ingila, ɓarayi da yawa da aka yanke wa rataya sarki kan sassauta musu. Mai jabu kuwa da wuya. Misalin da kowa ya riƙe shi ne na William Dodd, malamin coci sananne wanda ya taɓa zama cikin limaman fadar Sarki George na Uku. Bashi ya yi masa katutu, ya kwaikwayi sa hannun tsohon ɗalibinsa Lord Chesterfield a kan takardar fam 4,200. Da asiri ya tonu ya mayar da mafi yawan kuɗin, dubban mutane suka sa hannu a takardar roƙon a yi masa afuwa, amma aka rataye shi a Tyburn a watan Yuni na 1777. Saƙon ya isa ko'ina: wannan laifi ba a roƙo a kansa.

Dokar da aka tsara don irin su Dodd, masu ilimi da alƙalami, ita ce ta faɗa kan mai wanki da mai dako bayan 1797. Ba za a iya rataye kowa ba, sun yi yawa. Sai a 1801 majalisa ta ƙirƙiro wani laifi a ƙasa da na kisa: duk wanda aka samu yana riƙe da jabun takardar banki da saninsa, ko bai kashe ta ba, hukuncinsa korar shekara goma sha huɗu zuwa ƙetare.

Wannan doka ce ta mayar da jirgin ruwa abin ciniki, kuma nan ne ya kamata mai karatu ya tsaya ya duba da kyau. A lokacin babu ofishin mai gabatar da ƙara na gwamnati irin wanda muka sani yau. Wanda aka cuta shi ke kai ƙara, shi ke biyan kuɗin shari'a. Bankin Ingila kuwa kamfani ne na masu hannun jari, gwamnati ba ta karɓe shi ba sai 1946. Ke nan daraktocin kamfani da lauyoyinsu, na ofishin da yau aka sani da Freshfields, su ke zama su duba sunayen waɗanda aka kama su yanke wanda za a tuhuma da me. Akan shirya wa mutum tuhuma biyu, ta shigar da jabu kasuwa wadda hukuncinta kisa ne, da ta riƙe jabu wadda hukuncinta kora ne. Sai a aika masa a kurkuku: in ka amsa ƙaramin laifin, banki ba zai kawo shaida a kan babban ba. Wanda suka ga ya cancanci a yi misali da shi, ba a yi masa wannan tayi. Wanda ya tona asirin dillalinsa kan samu sassauci.

Ka sa kanka a matsayin wanda aka ba wa jabu a canji bai sani ba. In ka ce ba ka yi ba, za ka tsaya gaban kotu kana fuskantar lauyoyin banki da masu binciken takardunsa, kuma a wancan lokaci ko kana da lauya doka ba ta ba shi damar yi wa masu taya alƙali yanke hukunci jawabi a madadinka ba, sai a 1836 aka gyara wannan. In ka faɗi, igiya. In ka amsa laifin da ba ka yi ba, ka tsira da ranka ka rasa ƙasarka da iyalinka. Gaba kura, baya sayaki. A ganina babban zaluncin tsarin a nan yake, ya fi ma yawan waɗanda aka rataye muni, domin ya sa faɗin gaskiya ya fi amsa laifi haɗari. Tsakanin 1797 da 1821 bankin ya gurfanar da mutum sama da 2,000, aka rataye sama da 300, waɗanda aka kora kuwa sun fi haka yawa nesa ba kusa ba.

Ita kanta korar tsohuwar al'ada ce. Dokar da aka yi a 1718 ta ba alƙalai damar tura masu laifi Amurka, inda 'yan kwangila ke sayar da aikinsu ga masu gonaki, musamman a Virginia da Maryland. Kimanin mutum 50,000 aka kai ta wannan hanya kafin yaƙin neman 'yancin Amurka ya toshe ta. Daga 1776 aka koma tara fursunoni cikin tsofaffin jiragen ruwa da aka girke a kogin Thames, cuta na cin su. An gwada Afirka ta Yamma: a farkon shekarun 1780 an kai wasu fursunoni ganuwoyin Turawa da ke gaɓar ƙasar Ghana ta yau a matsayin sojoji, zazzaɓi ya kashe da yawansu, aka kuma yi shawarar wani tsibiri a kogin Gambiya aka fasa. Daga ƙarshe aka tsayar da magana a kan Ostireliya. Jirage goma sha ɗaya suka tashi daga Portsmouth a watan Mayu na 1787 ƙarƙashin Kyaftin Arthur Phillip, suka yi wata takwas a hanya, suka kafa sansani a inda birnin Sidni yake yanzu ranar 26 ga Janairu, 1788. Ayari na biyu da ya iso a 1790 ya fi kowanne muni: 'yan kwangilar da aka biya bisa yawan waɗanda suka ɗauko, ba yawan waɗanda suka sauke da rai ba, sun bar kusan kashi ɗaya cikin huɗu na fursunonin sun mutu a teku.

Hukuncin kora kala uku ne, shekara bakwai, sha huɗu, ko rai da rai. Wanda ya dawo Ingila kafin wa'adinsa ya cika, kisa ne hukuncinsa. Wanda ya cika wa'adin kuma babu mai biya masa kuɗin jirgin komawa. Namiji mai ƙarfi kan iya yin aikin jirgi ya fanshi kujerarsa, mace ba ta da wannan hanya. A aikace, ga mafi yawansu, shekara sha huɗu rabuwa ce ta har abada.

Akwai ɗaruruwan wasiƙu da fursunonin nan suka rubuta wa bankin da ya kai su ƙara, kuma suna nan a ajiye har yau. Da yawa daga mata suka fito, wasu da hannunsu, wasu an rubuta musu. Suna bayanin cewa sun jinginar da tufafinsu don su ci abinci a kurkuku, suna da goyo, jirgi ya kusa tashi ba su da ko shayi da sukari na hanya. Bankin kan ba irin waɗannan mata taimako, sau da yawa fam biyar lokacin shiga jirgi, maza kuwa ba kasafai ake kula su ba. Na gaskata kuɗin ya yi musu amfani, amma abin na sosa mini rai: mace ta rasa wanda za ta roƙa a duniya sai wanda ya raba ta da gidanta. Elizabeth Fry, wadda ta sadaukar da rayuwarta ga matan Newgate, ita da abokan aikinta kan bi su har cikin jirgi da allura da zare da guntayen ƙyalle, don su sami abin yi a hanya da abin sayarwa in sun sauka. A 1818 ta yi iya ƙoƙarinta ta ceci wata mata mai suna Harriet Skelton da aka yanke wa kisa kan jabun takardun banki, ta je wa daraktocin bankin, ta je wa ministan cikin gida Lord Sidmouth, ba a saurare ta ba.

Can a Ostireliya sai ma'auni ya sauya. Sabuwar ƙasar mallaka na da masu ƙarfin sare itace da fasa dutse, abin da ta rasa shi ne mai iya lissafi, mai iya zane, mai iya rubutu mai kyau. Hannun da ya jawo wa mutum hukunci a Ingila shi ake nema ido rufe a Sidni, musamman zamanin Gwamna Lachlan Macquarie, daga 1810 zuwa 1821, wanda ya yarda cewa fursunan da ya gyara halinsa a ba shi muƙami.

Francis Greenway mai zanen gine-gine ne a Bristol. Ya karye, ya yi jabun wata takarda da ta shafi kwangilar gini, aka yanke masa kisa a 1812, aka sassauta zuwa korar shekara sha huɗu. Ya sauka Sidni a 1814, a 1816 Macquarie ya naɗa shi mai zanen gine-ginen gwamnati. Shi ya zana hasumiyar fitilar jirage da ke bakin mashigar Sidni, da barikin fursunoni na Hyde Park, da cocin St James, kuma aikinsa ya sama masa afuwa. Bayan tafiyar Macquarie aka sallame shi a 1822, ya mutu cikin talauci a 1837. Daga 1966 zuwa 1993 hotonsa ne a jikin takardar dala goma ta Ostireliya.

William Henshall kuwa maƙerin azurfa ne daga Birmingham da aka kora saboda buga jabun tsabar kuɗi. Sidni na fama da ƙarancin tsaba, duk wadda ta shigo sai jiragen fatake su fice da ita. Da aka kawo wa Macquarie dalar azurfa ta Sifen guda 40,000, sai ya sa Henshall a 1813 ya huda tsakiyar kowacce ya buga mata sabon tambari. Zoben ya zama sule biyar, ɗan guntun da aka cire ya zama sule da taro. Kuɗi ɗaya ya zama biyu, kuma ba mai sha'awar fita da hudajjiyar dala waje. Kuɗin farko da aka buga a ƙasar ke nan.

Ba kowa ne ya rabu da halin ba. Joseph Lycett, mai zane, ya zo a jirgi ɗaya da Greenway, bai daɗe ba aka kama shi yana buga jabun takardun sule biyar a Sidni, aka tura shi sansanin horo na Newcastle. A can ya zana rayuwar 'yan asalin yankin, farautarsu da kamun kifinsu da tarukansu, zanen da yau ake ji da shi ƙwarai. Dole a faɗi wannan: ƙasar da Ingila ta mayar wurin zubar da fursunoninta tana da masu ita tun dubban shekaru. Cutar agana ta yi musu mummunan ta'adi a kewayen Sidni a 1789, sannan aka bi su da ƙwace filaye da kisa, abin da ya fi tsanani a tsibirin da yau ake kira Tasmaniya. Fursunan da aka zalunta a Landan, shi ne sau da yawa aka sa ya share gonar da aka ƙwace daga wani.

Sunayen su Greenway ne suka shahara, har mutum ya ɗauka kora alheri ce ta zame wa masu jabu. Su 'yan tsiraru ne masu sana'a a hannu. Matar da ta shigar da fam ɗaya a kantin yadi ba ta da zane ba ta da lissafi. In ta sauka, ko a ba da ita aikatau gidan wani baƙon da ba ta da ikon ƙi, ko a kai ta gidan aikin mata na Parramatta ta yi ta kaɗi da saƙar ulu, can kuma ake mayar da wadda ta yi ciki ko ta saɓa wa uban gida. Ginin Parramatta ɗin nan ma Greenway ne ya zana shi. Laifi iri ɗaya ya kawo su, ɗaya ya zana katangar, ɗaya ta zauna a cikinta.

A Ingila kuwa haƙurin jama'a ya ƙare. A watan Disamba na 1818 masu taya alƙali a kotun Old Bailey suka ƙi tabbatar da laifi a kan wasu da bankin ya gurfanar, suna nuna shakku kan shaidar masu binciken takardunsa. A farkon 1819 mai zane George Cruikshank ya fitar da wata takarda mai kama da ta fam ɗaya, ɗauke da jerin maza da mata a rataye, da jiragen kora a gefe, a wurin sa hannun magatakarda kuma ya sa sunan hauni. Mutane suka yi ta rububin saye. An kafa kwamiti ya nemo takardar da ba ta kwaikwayuwa, aka yi ta gwaje-gwaje ba a fitar da ita ba. Abin da ya kashe wutar daga ƙarshe shi ne komawa biyan zinariya a 1821 da janye ƙananan takardun. Nan da nan shari'o'in jabun banki suka ragu ƙwarai. Halin talakawa bai sauya cikin dare ɗaya ba, tarkon ne aka ɗauke daga gabansu, kuma wannan kaɗai ya isa ya nuna inda matsalar take tun farko.

Igiyar ta ɗan ƙara jimawa. An rataye mai banki Henry Fauntleroy a 1824 kan jabun takardun wakilci da ya yi amfani da su ya sayar da hannun jarin masu ajiya, sannan Thomas Maynard a ranar ƙarshe ta 1829, wanda shi ne na ƙarshe da aka rataye kan jabu a Ingila. Su kansu masu bankuna ɗaruruwa sun kai koke majalisa a 1830 cewa tsananin hukuncin na hana a gurfanar da masu laifin a hukunta su. Dokar 1832 ta cire kisa daga mafi yawan laifuffukan jabu, ta 1837 ta ƙarasa sauran, korar rai da rai ta maye gurbi. Ita ma korar ta yi ta ja da baya: an daina kai fursunoni yankin Sidni a 1840, Tasmaniya a 1853, jirgi na ƙarshe mai suna Hougoumont ya sauke nasa a Fremantle da ke yammacin ƙasar a watan Janairu na 1868. Jimillar waɗanda aka kai Ostireliya kan kowane irin laifi ta kai kimanin 162,000, kusan 25,000 daga cikinsu mata.

Duk waɗannan gyare-gyare ba su dawo da waɗanda aka riga aka tura ba. Matar da ta amsa ƙaramin laifi a 1820 don ta tsira daga igiya, wa'adin da aka rubuta mata bai cika ba sai 1834, shekara goma sha uku bayan bankin ya koma biyan zinariya. Jaririn da ta bari wajen 'yan'uwa a Landan ya zama saurayi a lokacin, tsakaninsu kuma akwai tafiyar wata huɗu a teku da kuɗin jirgin da ba ta da shi.